Ɗigon Mai a Kusurwar Takarda

4 ga Maris

Zuwa ga jikata Injiniya,

Aminci ya tabbata a gare ki, da gaisuwa gwargwadon nisan da ke tsakaninmu. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran nan biyu da ban taɓa gani ba sai a hoto. Ni dai ga ni nan, da sauƙi. Gwiwar hagu ta yi mini tawaye tun bara, yanar ido kuma ta ƙara kauri, shi ya sa za ki ga baƙaƙen nan manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya. Kada ki yi dariya. Da wannan hannun na shekara talatin da ɗaya ina rubuta awon ruwan sama da na zafin rana a ofishin yanayi, ba a taɓa dawo mini da takarda don gyara ba.

Za ki ce me ya tuno wa tsoho da ni, alhali rabonmu tun rasuwar kakanki, yayana. Ba zan yi miki kwana-kwana ba, buƙata ce ta kawo ni. An ce mini aikinki kullum shi ne gwajin baƙin man inji a wani kamfanin manyan motoci. To ga ƙaramar mota ta kawo ƙara.

Kin tuna Shuɗiya, wadda kika yi wa amai a kujerar baya kina shekara biyar? Tana nan a gareji. Tun da matata Malama ta rasu, shekara huɗu ke nan, idona kuma ya ja baya, gwaggonki ta sa na yi mata alkawari ba zan sake fitar da motar daga ƙofar gida ba. Ta ce ranar da ta ji na karya, ranar za ta zo ta kwashe ni zuwa wurinta, can hawa na biyar, a sayar da gidan nan da motar. Na san halin 'yata, ba ta faɗa ta fasa. Ni kuwa so nake ranar da zan bar gidan nan, a kafaɗa a fitar da ni. Saboda haka na riƙe alkawari. Duk Asabar nakan tayar da ita minti goma a inda take, don kada batir ya mutu, duk wata shida kuma bakanike ya zo ya yi mata juyen baƙin mai.

Man ne ya dame ni. Motar da ba ta zuwa ko'ina, amma wata biyu da juye, in na zaro sandar awo sai in tarar da shi baƙi ƙirin kamar ta sha dogon zango. Kakanki bai yarda da kowane mai ba sai 20W-50, mai kaurin nan kamar zuma, shi nake zuba mata tun tana sabuwa. Yanzu bakanike ya ce zamani ya wuce wannan, in koma 10W-40, wai rabinsa sintetik ne, wato haɗin kimiyya. Mai shago ya ce a'a, 5W-30, cikakken sintetik. Har ya miƙo mini wani 0W-20, na girgiza galan ɗin na ji kamar ruwa. Kowa da kiɗinsa. Ki raba mini gardama.

A kusurwar ƙasa na manna guntun takardar shan tawada, da ɗigo ɗaya na man da ke cikinta yanzu. Haka kakanki yake yi kafin a ƙera injunanku: ya ɗiga, ya bari ya bushe, ya ɗaga wa haske ya karanta. Ni ban iya karatun ba, ko da na iya ma idon babu. Kada ki kira ni a waya, ba na jin komai a cikinta sai ƙugi, kuma waya ba ta ɗaukar ɗigo.

Kakanki na ofishin yanayi.


19 ga Maris

Kaka,

Da na ga wasiƙarka sai da na nemi wuri na zauna. Ashe angon nawa yana nan, sai da mota ta yi ciwo aka tuna da amarya. Muna lafiya lau. Yara suna gaishe ka, ƙaramar ta ce in tambaye ka ko kai ne kake sawa a yi ruwa. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Maganar amai kuwa ban san an yi ba, kuma ba ka da shaida.

Lambobin nan ba su da wuya ga mutumin da ya tsufa yana auna sanyi da zafi. Ta farko, mai harafi a gefenta, tana faɗin yadda man yake gudu in inji ya huce. In ƙarama ce, da an tayar zai kai ko'ina. Ta biyu kaurin da yake riƙewa ne in inji ya ɗau zafi. Man kakana da safe nauyin jiki gare shi, kamar kai da gwiwarka, sai ƙarfe ya ɗan ci ƙarfe kafin ya iso. Shi kuma 0W-20 na motocin yanzu ne masu matsattsen ciki, in ka zuba wa Shuɗiya ta kowace tsohuwar roba zai tsiyaye. 5W-30 ba shi da laifi, amma ga injin da ya shekara ashirin da shida ya saki jiki, ni 10W-40 zan zaɓa, ko 5W-40 cikakke in ka samu. Bakanikenka bai yi ƙarya ba.

Ɗigon naka na nuna wa abokan aikina, babu wanda bai taso ya leƙa ba. Tsakiyarsa baƙa, wannan ƙunar inji ce. Zagayen da ya yi fari-fari a waje fetur ne ya shiga man. Bakinsa kuma da ya yi zago-zago, ruwa ne. Duk wannan aikin minti gomanka ne na Asabar. Inji ba ya kaiwa ga zafin da zai kori ruwa da fetur, kana tara mata ciwo ne da sunan kulawa.

Ka sa a yi juye da sabuwar filta, ka cire kan batir, ka ƙyale ta ta huta. Sintetik yakan wanko tsohuwar dauɗa, don haka zai ɗan yi duhu, kada ka damu. Bayan mako shida ka aiko mini da wani ɗigon. Nawa agogon kilomita yake nunawa?

Jikarka, kuma amaryarka in ka yi zuciya ka zo biko.


6 ga Mayu

Jikata Injiniya,

Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ki gaya wa ƙaramar ni ba na sa ruwa, ƙirga shi kawai nake yi in ya sauko. Jiki dai sai a hankali. Wani sabon abu ya same ni na barci a kujera. In haɗa shayi da safe in zauna, sai in farka in tarar ya yi sanyi ƙalau, hantsi ya ɗaga. Da rana ma haka, wajen ƙarfe ɗaya. Maƙwabciyata, tsohuwar nas ce, ta ce shekaru ne. Ranar nan ma da takalmina a ƙafa na farka, ban tuna lokacin da na sa ba.

Na bi maganarki tiryan-tiryan. Ranar ashirin da huɗu ga Maris bakanike ya zuba 10W-40 a gabana, ina riƙe da mazurari. Ko ni da idona na ga kalarsa, garai-garai kamar shayin da bai ji ganye ba. Ya sa sabuwar filta, ya cire kan batir. Makullin na jefa shi a durowar magunguna. Tun ranar ban tayar da ita ba. Ba na ma shiga garejin sai in zan ɗauko tsintsiya.

Ga ɗigon mako shida nan. Na kai wa maƙwabciya ta duba mini, ta ce wannan ai ya fi na farko baƙi. Ni ina zargin jabu aka sayar mana, don an ce yanzu har galan da hatimi ake bugawa. Ko in gwada 5W-40 ɗin da kika ambata?

Agogon kilomita ya shekara tara da mutuwa. Malama ta sha yi mini magana in gyara, na ce mu da muka san inda za mu, me za mu yi da ƙirge.

Kakanki.


17 ga Mayu

Kaka,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan barcin kujera ya yi sauƙi. Ka gaya wa likita batun, kada ka tsaya ga maƙwabciya.

Zan taƙaita. Wannan ɗigon ba na motar da ke tsaye ba ne. Ko jabu ne, mai ba ya ƙonewa a cikin injin da ba a tayar ba. Ka tabbata daga Shuɗiya ka ɗebo shi? Wa kuma yake da makulli ban da kai? Bakaniken nan, ka san shi sosai?

Ga 'yar kwalba nan a cikin ambulan. Ka cika ta, ka ɗaure bakin da kyau, ka aiko. Zan sa ta a na'ura.

Jikarka.


29 ga Mayu

Injiniya,

Lafiya ƙalau nake, tunda kin tambaya.

Na karanta layinki sau uku da gilashin ƙara girma. Shekarata tamanin da ɗaya, ba a taɓa tambayata ko na tabbata da abin da na auna ba. Mota ɗaya ce a gidan nan. In kina nufin na je na ɗebo man wani don in samu mai rubuto mini wasiƙa, to kaɗaicin bai kai ni nan ba. In kuma kina nufin na karya alkawarin gwaggonki, ki fito fili ki faɗa, kada ki laɓe a bayan bakanike. Mutumin nan ba shi da makulli. Ƙofar gareji da kwaɗo take, ɗan makullin kwaɗon kuma yana wuyana a igiya, da shi nake wanka.

Ga kwalbarki nan na cika. Ki tambayi na'urar, tunda ita ba ta tsufa ba.

Ƙanin kakanki.


14 ga Yuni

Kaka,

Ka yi haƙuri, don girman Allah. Ban ce ka yi ƙarya ba, kuma ba zan taɓa cewa ba. Bakin ma'aikata ne ya bi ni har cikin wasiƙa. Ka dawo mini da "kakanki" ɗina, wannan "ƙanin kakanki" ya yi mini nisa.

Sakamako ya fito, na maimaita sau biyu. Man ba jabu ba ne, 10W-40 ne na gaskiya. Amma akwai garin ƙarfe a ciki, na injin da ke aiki. Akwai ƙurar hanya, wadda ba ta shiga sai mota tana tafiya tana shaƙar iska. Fetur da ruwa kuma sun fi na da. Ba doguwar tafiya ake yi da ita ba. Gajeru ne, kilomita uku ko huɗu, a kashe tun inji bai gama ɗumi ba, a sake tayarwa. Ba zan rantse ba, amma irin man nan mun fi ganinsa a motocin iyaye masu kai yara makaranta su dawo.

Kai ma'auni ne, ka auna da kanka. Ka ja layi da alli a ƙasa daidai inda kowace taya ta tsaya. Ka riƙa dafa bonet safe da rana. Ka duba kan batir. Ka rubuta abin da ka gani kullum, kamar yadda kake yi wa ruwan sama.

Ban gaya wa Gwaggo komai ba.

Jikarka.


3 ga Agusta

Jikata,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarki ta iso, da biyun da suka biyo bayanta kina tambayar ko ina raye. Ina raye. Ba fushi ne ya hana ni amsa ba. Awo nake yi, kuma ban so abin da yake fitowa ba.

Na ɗauko alli a cikin akwatin Malama, akwai sauran rabin kwali. Na ja layi huɗu. Washegari da hantsi na shiga na durƙusa na shafa, tayar gaba ta wuce layinta da taƙi guda. Bonet da ɗumi. Kan batir yana maƙale a wurinsa, an ɗaure shi tam, sifanar kuma tana rataye a ƙusarta, bakinta yana kallon bango. Ni kaɗai nake rataye ta haka.

Mako bakwai na yi ina rubutawa. Litinin zuwa Juma'a layi yana gocewa, bonet yana ɗumi sau biyu, takwas da rabi na safe da biyu da rabi na rana. Asabar da Lahadi babu komai. Na ɓoye makulli a cikin tulun fure, na ɓoye a cikin safa, duk ɗaya. A tsakiyar Yuli sai ta yi mako biyu cur ba ta motsa ba, barcin kujera ma ya sake ni. Har na fara rubuta miki albishir. Da yamma maƙwabciya ta shigo tana mitar jikokinta sun hana ta sakat, ta ce Allah ya sa hutun nan ya ƙare a koma makaranta. Na yage takardar.

Duk da haka zuciya ba ta daina neman mafita ba. Na ce bari dai in gwada 5W-40 ɗin. Bakanike ya ce gidan mai ɗaya ne yake da shi, ya ɗauke ni a motarsa. Sai da muka tsaya na ji hayaniyar yara na gane inda muke. Gidan man yana daura da makarantar da Malama ta koyar. Shekara ashirin da biyu ina kai ta ƙarfe bakwai da rabi, in ɗauko ta ɗaya da rabi. Daga ƙofarmu kilomita uku da rabi ne, na auna tun agogon yana da rai.

Matar da ke zuba mai ta leƙo ta taga, ta gaishe ni kamar wadda muka rabu jiya.

"Baba, yau an ba shuɗiyar hutu ke nan? Ina Mama?"

Na tambaye ta wace Mama. Ta yi dariya ta ce wai yau kuma da tsokana na fito. Ta ce ai duk Litinin nake tsayawa ta zuba mini lita goma, Mama tana kujerar mai zaman banza da jaka a cinya, ba ta magana, sai dai ta ɗaga mata hannu. Na tambayi yaushe ta fara aiki a wurin. Ta ce bara.

Har mun tayar za mu tafi, ta dafa ƙofar, dariyar ta ɗauke.

"Amma Baba ka riƙa sassautawa a bakin makarantar nan. Ranar Laraba, ba don Mama ta fizgi sitiyarin ba, da yara uku ka kwashe. A kan idona aka yi."

Bakanike ya ce da ita ta yi makuwa ne, tsofaffi duk kama suke yi. Amma da muka iso gida, a bakin titi ya sauke ni da galan ɗina, bai shigo ba.

Jikata, ni ba na iya bambance fuskar mutum daga taku biyar. Ban tuna komai ba, ko ƙarar inji. Ban karya alkawari da sanina ba. Ki gaya mini abin da na'urarki ta ce a kan wannan.

Kakanki.


13 ga Agusta

Kaka,

Ina gaishe ka.

Na'ura ba ta san Mama ba, ni ma ba zan ce komai a kanta ba, Allah ya jiƙanta. Abin da na sani yara uku ne. Nawa biyun ma titi suke tsallakawa kullum, ina nan wurin aiki ina dogara da idon direbobin da ban sani ba.

Ba na so a raba ka da gidanka. Amma ɓoye makulli bai yi ba, cire kan batir bai yi ba, hannun da ke ɓoyewa shi ke nemowa. Ka sa a zo a ja motar a kai ta wani wuri. In ba za ka iya ba, ka yi mata abin da ba za ta sake tashi ba, ka aiko mini da shaida. In watan nan ya ƙare ban ga komai ba, zan kira Gwaggo. Gara ka ji daga bakina tun yanzu, ka yi fushin gaba ɗaya.

Jikarka.


22 ga Agusta

Jikata,

Lafiya lau. Ban yi fushi ba, jinin yayana ne ya yi magana.

Ba zan iya ganin garejin nan wayam ba, kuma in aka ja motar unguwa za ta gani, magana ta kai hawa na biyar. Ga abin da na yi. Yau da ƙarfe tara na shimfiɗa tabarma na shiga ƙarƙashinta da kaina, na kwance notin juye, wanda yake tare man a ƙasan inji. Na yi sa'a injin da ɗuminsa, man ya zubo sar har ɗigon ƙarshe, yadda kakanki yake so. Fitowa ce ta ɗauke ni rabin awa.

Notin ne za ki ji da nauyi a cikin audugar nan. Sandar awo kuma na ɗora ta a kujerar direba, a bushe. Na san hannuwana. Ko a barci, ko a hauka, wanda yayana ya rena ba zai tayar da inji babu mai ba.

Maƙwabciya za ta fita yanzu, bari in ba ta ta jefa a gidan waya.

Kakanki.


1 ga Satumba

Kaka,

Noti ya iso. Na ajiye shi a kan teburina, duk wanda ya tambaya sai in ce kyautar angona ce, shi ba ya ba da zobe. Na yi kuka kaɗan, kada ka gaya wa kowa.

Magana ta mutu a tsakaninmu, Gwaggo ba za ta ji daga gare ni ba. Ka ci gidanka lafiya. In an yi hutun ƙarshen shekara zan kawo maka yaran, ka nuna musu yadda ake ƙirga ruwa. Yaya barcin kujera?

Jikarka.


10 ga Satumba

Jikata Injiniya,

Aminci a gare ki da iyalinki. Kin cika 'yar halak, kin bar mini gidana, na gode. Barcin kujera ya tafi, shayina da zafinsa nake sha. Layin alli bai goce ba ko sau ɗaya. Yanzu ki kira gwaggonki.

Na rubuta miki cewa na yi sa'a injin da ɗuminsa. Murna ta hana ni tambayar kaina ɗumin na mene ne. Ranar, bayan maƙwabciya ta tafi da wasiƙar, ƙarfe ɗaya da kwata na tsinci kaina tsaye a gareji, takalmi a ƙafa, makulli a hannu, idona biyu, karo na farko. Na buɗe ƙofa na ga sandar awo a kan kujera. A nan na gane abin da na yi. Na kai Malama makaranta da safe. Ban ɗauko ta ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don ban san akwai shi ba sai da ya ɗauke. Shekara huɗun nan, da yamma gidan nan bai taɓa zama kango ba. Ƙofar ɗakinta takan kasance a ɗan buɗe. Nakan ji ƙanshin alli a baranda. Kujerar da ke gefen tawa takan yi 'yar ƙara, in ce katako ne yake shan iska. Mutane suna ta tausaya mini zaman kaɗaici, ni kuwa ina mamakin me suke gani. Tun ranar Talatar nan ƙofar a rufe take yadda na bar ta. Yanzu na san abin da suke tausaya wa.

Na gwada zuwa da ƙafa, a kwanar kantin magani gwiwa ta zaunar da ni, maƙwabciya ce ta dawo da ni. Bakanike ya daina zuwa. Na ɗauki tasi sau ɗaya, muka tsaya a bakin makarantar har yara suka watse, na buɗe ƙofa na jira. Na san ba za ta shigo ba. Malama ba ta hawa motar kowa. Wata shekara taya ta fashe mini, ban iso ba sai biyar na yamma, na tarar da ita tsaye a gindin ginshiƙin ƙofa, malamai huɗu sun yi mata tayi ta ƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, ai ka ce za ka zo.

Noti ba abin wuya ba ne, kowane shago akwai. Sau biyu ina kaiwa bakin ƙofa da niyyar sayowa. Abin da ya dawo da ni, na san in mai ya koma cikin injin nan ina gidan, ba sau ɗaya hannuwana za su fita da ita ba, kuma ba kullum ake fizge sitiyari a kan lokaci ba. Ba zan kai wata guda ina dawowa daga bakin ƙofar nan ba.

Saboda haka ki gaya wa gwaggonki duka, kada ki rage mini komai. Ki ba ta notin ta taho da shi. Galan ɗin 5W-40 yana nan ban fasa hatiminsa ba, kin ce shi ya fi saurin kaiwa ko'ina in inji ya daɗe a kwance. Mijinta yana da ido, shi zai tuƙa. Ni zan zauna a baya, gwaggonki a gefena, kada kowa ya zauna a kujerar mai zaman banza. Ranar makaranta za a zaɓa, a isa ɗaya da rabi daidai, a tsaya a gindin ginshiƙin dama, a bar inji yana aiki. Daga nan su wuce da mu duk inda suka ga dama, hawa na biyar ko na goma. Gidan da motar su sayar.

Za ta ce na ruɗe, ki bar ta ta ce, in dai za ta zo. Ki ce mata kada ta jira ƙarshen wata. Yau kwana goma sha tara ke nan Malama tana tsaye.

Kakanki.